Shekarar da Baba Ya Daina Fita Shan Ruwa

Ƙauyenmu yana gefen babban titin da ya ratsa yankin Jazira, ba nisa da garin Hasahisa. Gabanmu titi, bayanmu gonakin ban-ruwa da tur'a, wato babbar magudanar da ke kawo mana ruwan kogin Nilu. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san cewa idan azumi ya kama, namiji ba ya shan ruwa a cikin gida. Da rana ta yi ja sai a share fili a bakin titi, a jera tabarmi, kowane gida ya fito da tirensa: asida, wato tuwon ƙasar nan, da miyar busasshiyar kuɓewa, dafaffen wake, dabino, da abre, jan abin shan nan mai tsami da zaƙi da ake yi da dawa. Mu gidajen Hausawa sai mu ƙara da ƙosai da kunu, abincin da kakanninmu suka taho da shi daga yamma.

Aikin Baba a filin nan ba ɗaukar tire ba ne. Shi ne mai tare motoci. Idan an kusa kiran salla sai ya warware rawaninsa, ya riƙe baki ɗaya, ya miƙa wa wani ɗaya bakin, su ja shi a tsakiyar titi kamar igiya. Bas ce ko babbar mota, dole ta tsaya. Direba ya leƙo yana roƙo, yana cewa sauri yake yi, Baba ya dafa ƙofar motar ya yi ta rantsuwa da Larabci cewa babu mai wuce ƙauyen nan da azumi a bakinsa. Muryarsa babba ce, har bakin tur'a ana jinta. In kuma ya hango fuskar da ya yi zaton tamu ce a cikin fasinjoji, nan take zai juya harshe: "Sannunku da hanya. Ku sauko, gida kunka zo." Su sauko suna dariya, wasu 'yan Damazin, wasu daga gabas, kafin a kwashe tire ya gano inda kakansu da namu suka haɗu.

Haka na san shi har na girma, na koyi ɗinki, na buɗe shago a kasuwar Managil, na yi aure a can. Na saba kowace shekara in zo gida a farkon azumi, kafin aiki ya yi mini yawa, in auna mutanen gidanmu, in koma in ɗinka musu kayan Salla. Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru kafin yaƙi ya tarwatsa yankinmu.

A shekarar nan na iso da la'asar. Na gaida Baba a ɗakinsa, yana kishingiɗe a kan gadon igiya, hannunsa na dama a ƙarƙashin matashi. Ya tambayi iyalina da kasuwa, muka ɗan taɓa hira. Da lokaci ya yi na ɗauki tire tare da Yayana, babbanmu, muka nufi bakin titi. Na waiga ban ga Baba a bayanmu ba.

"Yaya, Baba fa?"

"A ciki yake sha," in ji shi. "Gwiwa ke damunsa. Tun ƙarshen azumin bara."

A filin na tarar da samari suna ɗaga wa motoci hannu daga gefe. Wata ta rage gudu, wata ta danna musu ƙaho ta wuce. Muka sha ruwa, muka yi salla, kowa ya ci abincinsa. Babu abin da ya ragu a tire, amma ni ban ji daɗin cin ba.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ashe abin ya daɗe yana tafe. Baba ya yi rayuwarsa duka a hawasha, gonar ban-ruwan da ya gada daga mahaifinsa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa Yaya ya karɓi noman, don ya hutar da shi. Da farko Baba yakan bi shi da safe, ya tsaya ya duba yadda ruwa ke shiga kunyoyi, amma da ya sunkuya zai gyara wani abu sai Yaya ya rugo: "Baba bari, rana ta yi zafi, koma gida." Ya yi ta komawa gida har ya daina zuwa. Kasuwar Hasahisa ma haka, jikoki suka karɓi cefane. Akwai wani benci a ƙarƙashin dogon yaro kusa da masallaci inda yake zama da tsaransa bayan la'asar. Tsaran suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, wani ya rasu, wani 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa birni. Masallaci kaɗai bai bari ba, shi ma da liman ya yi sallama shi ne farkon fita. Duk wannan ya faru a gaban idonmu, muna cewa Baba yana hutawa.

Yaya mutum ne mai son ya gyara abu yau yau. Da na nuna damuwa, washegari ya tafi Hasahisa ya dawo da kujerar roba mai hannu, ya ce tunda gwiwa ce, ga kujera, babu zama a ƙasa. Baba ya duba kujerar ya sa masa albarka, ya sa aka ajiye ta a bayan ƙofa. Sai Yaya ya je ya sami liman, liman ya taho da wasu dattawa, suka cika ɗakin, suna cewa fili ya yi kewar Alhaji, ladan ciyar da mai azumi ba kaɗan ba ne. Baba ya karɓe su da fara'a, ya ce in sha Allahu. Da suka fita ya kira Yaya.

"Ka tara mini mutane kamar ana zaman makokina. Kada ka ƙara."

Ban taɓa jin ya yi wa Yaya magana da wannan murya ba.

Ranar da zan auna shi na shiga ɗakinsa da hantsi, da tef ɗin awo a wuyana. Na ce masa na samo farin yadi mai kyau, marar nauyi. Ya ce ba fari yake so ba, in nemo masa ruwan ƙasa, ko wani mai duhu. Na yi dariya, don a tunanina wasa yake yi. Tun da nake ban taɓa ganin Baba da jallabiyar da ba fara ba. Shi kuwa bai yi dariya ba.

Ya miƙe, na auna kafaɗa, na auna tsawo. Na lura gwiwar da ake magana ba ta hana shi tsayuwa sosai ba. Da na zo hannu sai na ce ya miƙa. Ya miƙa na hagu. Na ce da na daman ma. Sai ya fito da shi daga aljihu a hankali. Na riƙe wuyan hannun don in ɗora tef, sai na ji yana motsi a cikin tafina, yana kaɗawa kamar ɗan tsuntsun da aka kama. Na ɗaga kai, shi kuma ya kau da nasa.

"Ka gani ke nan," ya ce. "Saki, ka zauna."

Muka zauna a bakin gado. Ya ce rawar ta fara ne kaɗan kaɗan, yana ɓoye ta a cikin hannun riga. A azumin bara, wajen ƙarshe, ya tare wata bas da kansa, ya zaunar da baƙi, ya zauna a tsakiyarsu kamar yadda ya saba. Da aka kira salla ya ɗauki kofin abre, hannun ya ƙi, kofin ya yi ta bugun haƙoransa, abin sha ya zubo masa a gemu da ƙirji. Baƙon da ke kusa da shi, wani magidanci mai kirki, sai ya karɓi kofin, ya tallafi ƙeyarsa da ɗaya hannun, ya kai masa baki.

"Kamar jinjiri," in ji Baba. "Ni na tsai da shi a hanya don in ba shi ruwa. Shi ya ba ni. Yana ta cewa sannu ya Hajj, sannu ya Hajj, jama'a duk suna kallon tabarma. Mutumin kirki ne, wallahi, Allah Ya saka masa. Amma na fi son in mutu da ƙishi da in sake ganin wanga abu."

Na ce ai rashin lafiya ba abin kunya ba ne. Ya ce ya sani, shi ma haka yake gaya wa mutane lokacin da yake da lafiya. Sannan ya ƙara da wata magana da ban yi tsammani ba. Ya ce ko da hannun lafiya lau yake, wa zai zauna da shi? Waɗanda suka san shi yana saurayi sun ƙare. Yaran yanzu suna girmama shi, suna tashi su ba shi wuri, amma da ya zauna sai hira ta mutu. In sun yi magana Larabci ne da sauri, a kan ƙwallo da abin da suka gani a waya. In ya yi musu Hausa su amsa da kalma ɗaya, su sunkuyar da kai.

"Ba ka san yadda ladabi ke korar mutum ba," ya ce. "Innarku kaɗai na gaya wa zancen hannun. Maganar ta tsaya nan."

Na ce zan riƙe, amma da sharaɗin ya yarda mu je asibiti. Ya yarda, ina jin don in ƙyale shi ne. Likitan da muka gani a Hasahisa ya sa shi ya miƙa hannu, ya yi tafiya, ya taɓa hanci da yatsa. Ya ce ciwon jijiya ne da yakan zo da girma, ba ya warkewa, amma magani yana rage shi, kuma zaman ɗaki ba ya yi masa kyau. Muka dawo da ƙwayoyi. Na aika aka kawo mini kekena na ɗinki daga Managil, na bar shago a hannun abokin aikina, na kafa a zaurenmu ina ɗinkin mutanen ƙauye. Rawar hannun ta ɗan lafa, amma Baba bai fita ba. Da an kusa shan ruwa Inna ta kai masa tire ɗaki, ta saki labule, ta fito.

Inna ce ta same ni a zaure wata safiya, ta tsaya a kaina har na tsai da keke.

"Kana da lambar Baffanku na Rufa'a?"

Baffan Rufa'a ɗan gwaggon Baba ne, wato taubashinsa, abokin wasansa tun suna yara. Yana zaune a ƙetaren kogi, a wani ƙauye kusa da Rufa'a, masunci ne a da. Duk duniya shi kaɗai ne yake iya gaya wa Baba abin da ya ga dama. Na ce ina da ita. Ta ce in kira shi, in ce masa ɗan kawunsa ya shiga ɗaki ya ƙi fita, kada in ƙara komai.

Washegari da la'asar sai ga shi a bayan babur, ɗan siriri, da sandarsa da ƙunshin busasshen kifi. Tun daga zaure ya fara ɗaga murya.

"Ina amaryar? An ce mini an yi sabuwar amarya a gidan nan, tana lalle, ba ta fita!"

Daga ɗaki muka ji Baba ya ce, "Wa ya buɗe wa wanga ɗan mace ƙofa? Ku ƙirga kajinku."

Baffa ya ɗaga labule ya shiga. Da lokacin shan ruwa ya yi Yaya ya leƙa ya ce masa a fito, ga wuri an gyara. Baffa ya ce shi inda ubangidansa yake nan yake, a kawo masa nasa ciki. Ni na kai musu tiren, kuma na ɗan daɗe a bakin ƙofa. Baba ya ɗauki dabino da hannun hagu ya tsaya a nan. Baffa kuwa ya ja ƙosai gabansa. Babu haƙori ko ɗaya a bakinsa, yana ci haɓarsa tana kusan taɓa hancinsa.

"Dube ni da kyau," ya ce. "Haƙorana sun watse sun bar ni, ina tauna kamar akuya. Jikokina suna kwaikwayona a gabana. Na ɓuya?"

"Kai dama tun kana yaro ba ka da kunya," in ji Baba.

"To ci abinci. Mi kake ɓoyewa a aljihu, kuɗin da ka ƙi biyana ne na taubasantaka?"

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya zaro hannun ya ajiye a kan gwiwarsa, yana rawa. Baffa ya dube shi sau ɗaya, ya tura masa kwanon asida. Na zaci zai yi masa ba'a, amma bai yi ba. Baba ya yanki loma, rabi ya kai baki, rabi ya faɗi a tabarma. Baffa ya ci gaba da ba shi labarin wani kifi da ya kusa kifar masa da jirgi. Na saki labulen na tafi.

Na yi zaton shi ke nan, gobe za su fito. Ba su fito ba. Baffa ya zauna mana kwanaki, kullum su biyu a ɗaki, suna ci suna zagin juna, suna tuna mutanen da ni ban ma taɓa jin sunansu ba. Baba ya sake, fuskarsa ta cika. Amma in Baffa ya ce a fita, sai ya ce gobe.

Wadda ta kawo ƙarshen goben Inna ce. Wata yamma bayan la'asar, ina zaune da su a ɗaki ina datse zaren wata riga, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, ina da magana, kuma gara a yi ta gaban ɗan'uwanka."

Baba ya ce yana ji.

Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan, idan maza suka fita da tire, tsakar gidanmu ne matattarar matan layin, saboda ya fi faɗi. Kowace ta zo da abin da ta rage, su ajiye mayafi, su miƙe ƙafa, su sha ruwa tare, su yi salla, su yi hirar da ba a yi gaban maza. Wannan ɗan lokacin shi ne nasu a duk yinin, bayan sun wuni a gaban murhu. Tun da ya daina fita babu wadda ta ƙara shigowa, don ba za su saki jiki ba maigida yana bayan labule. Sun koma wani gida. Ita kuma ba za ta bar shi shi kaɗai ta bi su ba, ko zai nemi wani abu.

"Ni kaɗai nake shan ruwa a bakin murhu, Malam, ni da kaji. Ban yi magana ba, na ce lalura ce. To da mutum ɗaya ne, yanzu kun zama biyu, ina jin dariyarku daga nan. Kai ka sami abokin hira. Ni fa?"

Ta tashi ta koma madafa. Baba ya daɗe yana kallon wurin da ta durƙusa.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban lura ba."

Ranar dai a ɗaki suka sha. Washegari ya sa na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, ta waje, inda ake hango filin amma ba a cikinsa ba. Suka sha ruwa a nan su biyu, bayansu jingine da bango. Masu wucewa da tire suna gaishe shi, yana amsawa. Kafin a idar da salla na ji hayaniyar mata ta tashi a tsakar gidanmu, da muryar Inna a sama da ta kowa. Baba ya karkata kunne ya saurara.

Aka yi kwanaki a haka. Daga nan ya fara takowa filin bayan an kwashe tire, ya zauna lokacin shayi, ko da yake ba ya karɓar kofi. Inna kuma ta nemo wata tsohuwar moɗa mai faɗin mariƙi, wanda hannu duka ke shiga, tana zuba masa abin sha rabi kawai. Wata rana da azahar Baba ya kira ni.

"Yau zan sha a fili. Ka zauna a damana. Amma ka ji: ko mi ya faru, kada ka taɓa mini kofi, kada ka riƙe mini hannu. In ina son taimako zan faɗa da bakina. Ka gaya wa Yayanka."

Ya sa tsohuwar farar jallabiyarsa, ya naɗa rawani, ya fito da Baffa a gefensa. Samari suka zabura za su kawo kujera, ya ce su bari, ya zauna a tabarma. Ana cikin haka wata bas ta tsaya don kanta, fasinjoji suka sauko suka tsaya cirko-cirko a gefen titi, ba su san inda za su nufa ba, samarinmu kuma suna yi musu nuni da hannu cikin jin nauyi. Baba ya dube su, ya dube su, sai kawai na ji muryar nan ta Baba ta tashi daga gefena da Larabci, har na firgita.

"Itfaddalu! Ku matso, ku matso! Kai direba, kashe motar, ba gudu za ta yi ba! Yara, ku buɗe wa mata hanya zuwa cikin gida!"

Muryar ba ta ragu da komai ba. Kafin ka ce me, an zazzauna, an raba tire, shi yana zaune yana nuna wanda zai koma ina da hannun hagu.

Ladan ya kira salla. Baba ya ci dabino, ya zura hannu a mariƙin moɗa, ya ɗaga. Ya kusa kaiwa baki sai hannun ya fizga. Jan abre ya kwarara daga gemunsa har cinyarsa, a kan farar riga, a gaban baƙi da 'yan gari. Na ga Yaya ya yunƙura, na harare shi ya koma. Ni kaina sai da na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Baffa ya leƙo ya duba rigar, ya girgiza kai.

"Oh, manomi! An karɓe maka hawasha, amma ba ka daina ban-ruwa ba."

Ya kuma maimaita da Larabci don baƙi su ji. Babu wanda ya san ko ya yi dariya ko ya bari, duk ana kallon Baba. Shi kuwa ya sa gefen rawani ya share gemu, ya dubi Baffa sama da ƙasa.

"Ni aƙalla in an ba ni ruwa ana sa ran amfani. Kai ko Nilu duka aka juye maka, haƙori ɗaya ba zai tsiro ba."

Direban bas ne ya fara fashewa da dariya bayan an fassara masa, sai filin duka ya ɗauka. Baba ya miƙo mini moɗar ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ƙara mini." Na zuba rabi. Ya kama da hannu biyu, ya sunkuyo da kai ya tarye ta, ya sha. Da jan tabon nan a ƙirjinsa ya tsaya a sahun gaba muka yi magariba.

Ba zan ce daga ranar komai ya koma yadda yake a da ba. Bai sake tsayawa a tsakiyar titi ba, ƙafarsa ba ta da saurin kauce wa mota, ya bar wa samari, yana ba su umarni daga zaune. Akwai ranakun da hannun yake tsananta, ya ce a kai masa ƙofar gida, kuma babu mai matsa masa. Amma ya fi fita fiye da zama. Da Baffa ya koma Rufa'a, Baba ya aika aka taho da tsohon ladanmu, wanda kunnensa ya mutu, shi ma ya daɗe da daina fitowa. Ya ce a zaunar da shi kusa da shi, don a duk ƙauyen muryarsa ce kaɗai mutumin yake ji. Suna hira ana jin su daga masallaci. Samari kuma suka gano cewa tsohon yana ɗaukar wasa, suka fara matsowa. In ɗaya ya yi masa Larabci sai ya ce bai ji ba, a sake da harshen kaka. Yaron ya yi ta lalube, ana dariya, Baba yana gyara masa.

Bayan Salla na ɗaure kekena na koma Managil. Da damina ta kusa, wata ranar kasuwa da yamma, Inna ta kira ni a wayar jikarta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta fara.

"Ka ja wa Babanku kunne. Tun safe ya hau amalanken maƙwabci ya tafi Hasahisa, wai zai sayo albasa. Sai yanzu ya shigo."

"Ya kawo albasar?"

"Ina fa! Tantabaru ya kawo, mace da namiji, a cikin kwali. Wai ya haɗu da wani mutumin Damazin, sunka zauna shan inuwa, mutumin ya ce masa irin masu yawan ƙyanƙyasa ne. Yanzu haka yana bayan ɗaki da Yayanka, yana nuna masa inda za a kafa musu tukwane. Ni kuma miyata babu albasa."

Na ce ta ba shi wayar in gaishe shi. Na ji ta ƙwala masa kira, na ji muryarsa daga nesa yana cewa a gaya mini yana da aiki, zai kira ni in ya gama.